Ciwon da ba ya zubar da jini

Yau za mu yi tafiya mai nisa. Za mu tafi Amurka, mu dubi wani wasa wanda ba a yin sa a garuruwanmu. Wani zai ce: ina ruwan manomi da wasan Amurkawa? A yi haƙuri a bi mu. Maganar kai ce ta kai mu can, kuma kowa yana ɗauke da nasa bisa wuya.

Amurkawa suna ce wa wasan ƙwallon ƙafa, amma bai yi kama da wanda yaranmu suke bugawa a fili ba. Ƙwallon nasu dogo ne kamar gwanda. Da hannu ake ɗaukar sa a ruga da shi, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Aikin abokan hamayya shi ne su tare mai ƙwallo, su kayar da shi ƙasa da ƙarfin tsiya. Kafin a saki ƙwallo, ƙarti suna yin sahu biyu, suna fuskantar juna. Da an sake shi sai su yi karo, kai da kai, kamar raguna. Wasu daga cikinsu sun fi kilo 130, wato sun fi buhun hatsi nauyi. Ana maimaita wannan karo sau da yawa a wasa guda, kuma ana yin sa a wurin horo, shekara da shekaru.

Wasa ne na kuɗi. Babbar ƙungiyar da ke riƙe da shi, mai suna NFL, tana da kulob 32, kuma abin da take samu a shekara ya wuce dala miliyar 20. Samari kimanin miliyan 1 suna yin wasan a makarantun sakandare. Ga ɗan talaka, hanya ce ta samun karatun jami'a kyauta, wataƙila ma ya fitar da iyayensa daga talauci.

Tun farko an san wasan yana kisa. A shekarar 1905 kaɗai, ƴan wasa aƙalla 18 suka mutu. Shugaban ƙasa na lokacin, Theodore Roosevelt, ya kira shugabannin wasan na manyan jami'o'i zuwa fadarsa, kuma a 1906 aka gyara dokoki. Da can hular fata ake sawa. Daga baya aka ƙera hular kwano ta roba mai tauri. A 1943 NFL ta wajabta wa kowane ɗan wasa sa hula. Da aka ci gaba da inganta hular, fashewar ƙoƙon kai ta ragu ƙwarai. Sai mutane suka ɗauka an gama da matsalar. Ɗan wasa kuwa, da ya ji kansa cikin hula mai tauri, sai ya mai da kan makami, yana tunkuyi da shi.

Abin da ke faruwa cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ta fi kilo 1 kaɗan. Taushi gare ta kamar kindirmo mai kauri. Ba a ɗaure take da ƙashi ba, tana zaune ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai.

Ku ɗauki misalin gora cike da kindirmo. Ku naɗe gorar da tsummoki, ku ɗora ta a kan jaki mai sukuwa. Gorar ba za ta fashe ba, tsummoki sun tsare ta. Amma ku buɗe ku ga kindirmon: ya kaɗu, ya tsinke. Haka hular kwano take. Tana tsare ƙashi. Amma idan mutum yana gudu ya tsaya farat ɗaya, ko aka fizge kansa gefe, ƙwaƙwalwa tana bugun bangon ƙoƙon kai daga ciki, tana murɗawa, ƙananan jijiyoyinta suna miƙewa. Wannan shi ne abin da za mu kira girgizar ƙwaƙwalwa.

Ba dole ba ne mutum ya suma. Mafi yawan masu samun girgizar ƙwaƙwalwa a wurin wasa ba su suma ko kaɗan. Sai dai jiri, ko ciwon kai, ko ganin duhu-duhu, ko tashin zuciya, ko mutum ya manta abin da ya faru yanzu-yanzu. Babu jini, babu karaya. Ko hoton asibiti sau da yawa ba ya nuna kome. Don haka shekaru masu yawa ana tsayar da ɗan wasa, a shinshina masa wani abu mai ƙarfin wari, a tambaye shi yatsu nawa yake gani, a mai da shi fili. Ƴan kallo su yi tafi, su ce namiji ne.

Mike Webster da likitan da ya duba kansa

Mike Webster ɗan wasa ne na birnin Pitsbag. Wurinsa tsakiyar sahu ne, inda karo ya fi tsanani. Ya yi shekara 17 yana wasa a NFL, daga 1974 zuwa 1990, ya ci babban kofin ƙasar sau 4. Saboda juriyarsa, laƙabin ƙarfe aka sa masa.

Bayan ya bar wasa, sai mutumin ya fara sauyawa. Mantuwa ta kama shi. Fushi ya yi masa yawa, barci ya ƙaurace masa. Dukiyarsa ta watse, aurensa ya mutu. Wanda dubban mutane suke kiran sunansa a da, ya koma kwana cikin mota da tashar jirgin ƙasa. A watan Satumba na 2002 ya rasu, yana da shekara 50.

Likitan da aka ba aikin binciken gawarsa sunansa Bennet Omalu. Haifaffen kudancin Najeriya ne, can ya yi karatun likita kafin ya tafi Amurka. Bai san wasan ba, bai san girman mamacin a idon ƴan gari ba. Da ya buɗe kai, ya ga ƙwaƙwalwa lafiya lau a ido. Wani likita da nan zai rufe, ya rubuta ciwon zuciya, ya tafi gida. Shi kuwa ya tambayi kansa: me zai sa mutum mai shekara 50 ya rikice haka? Ya nemi izini, ya adana ƙwaƙwalwar, ya sa aka yanka ta siriri-siriri, har da kuɗin aljihunsa, ya duba ta da madubin likita.

Abin da ya gani, manomi zai gane shi. Kun san buhun wake da ƙwari suka shiga. Daga waje buhu cike yake, a tsaye. Sai an zuba hannu a ga duk ƙwaya ta huje. A cikin ƙwaƙwalwar Webster, wani sinadari da ake kira tau ya dunƙule wuri-wuri, yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiran wannan ciwo CTE a taƙaice. Ma'anarsa lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda yawan bugun kai.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana irinsa a wurin ƴan damben zamani: tsofaffin ƴan dambe masu tangaɗi da nauyin baki kamar sun sha giya, alhali ba su sha ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mai hular kwano ma zai iya kamuwa. Omalu ya buga bincikensa a wata mujallar likitoci a 2005.

Ya zaci za a gode masa. Sai ga mutum uku na kwamitin da NFL ta kafa tun 1994 don duba raunin kai sun rubuta wa mujallar, suna neman a janye binciken, wai kuskure ne. Shugaban wannan kwamiti kuwa likitan ciwon gaɓoɓi ne, ba na ƙwaƙwalwa ba, kuma yana aiki ne da ɗaya daga cikin kulob-kulob ɗin. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Gawa ta ci gaba da ba da shaida. A 2011 wani tsohon ɗan wasa, Dave Duerson, ya kashe kansa yana da shekara 50, ya bar wasiyya a ba masu bincike ƙwaƙwalwarsa. An duba, an sami ciwon. A 2012 aka sake samun irin wannan rashi da Junior Seau, mai shekara 43, shi ma an sami ciwon. Tsofaffin ƴan wasa fiye da 4,500 suka kai NFL kotu, suna cewa an ɓoye musu gaskiya. A 2013 ƙungiyar ta yarda za ta biya dala miliyan 765, fiye da miliyar 350 na kuɗin sefa. Daga baya aka cire iyaka, abin da aka biya ya wuce dala miliyar 1. Ko wurin rabon diyyar an yi rashin adalci: awon da ake yi ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali bai kai fari kaifin tunani ba, don haka da wuya ya nuna ya yi asara. Sai a 2021 aka daina wannan awo. Kuma sai a watan Maris na 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban ƴan majalisar dokoki cewa lallai akwai dangantaka tsakanin wasan da ciwon. Shekara 11 ke nan bayan binciken Omalu. A cikin shekarun nan, yara nawa suka shiga fili?

Ga ƙididdiga. A 2017 wata likita ta jami'ar Boston, Ann McKee, da abokan aikinta suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan wasan NFL 111 da suka rasu. Sun sami ciwon a 110. Sai dai mu faɗi gaskiya duka: iyalan da suka ga mutuminsu ya rikice su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwarsa a duba. Saboda haka ba za a ce kowane ɗan wasa yana da ciwon ba. Akwai waɗanda suka yi wasan suka tsufa da hankalinsu. Amma binciken jami'ar ya nuna abu guda a fili: gwargwadon yawan shekarun da mutum ya yi yana wasa, gwargwadon ƙaruwar haɗarinsa. Kuma ba babban bugu kaɗai ke kawo shi ba. Ƙananan karo na yau da gobe, waɗanda mutum bai ma ji jiri ba, suna taruwa, kamar yadda ɗigon indararo yake haƙa rami a gindin bango. A 2023 sun duba ƙwaƙwalwar matasa 152 masu wasannin karo da suka rasu kafin shekara 30. Sun sami ciwon a 63, kuma yawancinsu ba su taɓa cin kuɗin wasa ba, a makaranta kawai suka yi shi.

Har yanzu ba a tabbatar da ciwon sai bayan mutuwa, kuma ba shi da magani.

Bugu na biyu

Akwai wani haɗari da ba ya jiran tsufa. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana bukatar kwanaki kafin ta koma daidai. Idan aka sake bugun ta kafin ta warke, tana iya kumbura ko ta zubar da jini a ciki. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Yara da samari sun fi shiga wannan haɗari.

A 2006, a jihar Washinton, wani yaro mai shekara 13, Zackery Lystedt, ya bugi ƙasa da kai ana cikin wasa. An fitar da shi na ɗan lokaci, aka mai da shi. Da aka tashi wasa sai ya yanke jiki ya faɗi. An yi masa aiki a kai, ya rayu, amma ya yi watanni bai yi magana ba, kuma ya nakasa. Iyayensa ba su yi shiru ba. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa. Dokar ta ce duk yaron da ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, a fitar da shi daga wasa nan take, kuma ba zai koma ba sai ma'aikacin lafiya ya ba da izini a rubuce. Zuwa 2014 dukan jihohin Amurka 50 sun yi irin wannan doka.

Doka a takarda daban, aiki da ita daban. A watan Satumba na 2022, miliyoyin mutane sun ga Tua Tagovailoa na kulob ɗin Mayami ya bugi ƙasa da ƙeya, ya tashi yana tangaɗi, kuma aka mai da shi wasa a ranar. Bayan kwana 4 aka sake kayar da shi a wani wasa. Ya kwanta yatsunsa a sandare, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Sannan ne aka ƙara tsaurara ƙa'ida. Wannan a ƙungiyar da ke da likitoci a bakin kowane fili.

Ra'ayinmu

Ba mu ce a hana Amurkawa wasansu ba. Babban mutum da aka gaya wa gaskiya yana da ikon zaɓi. A 2015 wani ɗan wasa mai shekara 24, Chris Borland, ya karanta abin da likitoci suka gano, ya ajiye wasan bayan shekara ɗaya tak a NFL, ya bar kuɗi masu yawa. Wasu sun karanta sun ci gaba. Laifin da muke gani shi ne na waɗanda suka ga alamu suka rufe, don kada kasuwa ta mutu. Yaro ɗan shekara 8 kuma ba shi da zaɓi, manya ne suke zaɓa masa. A ganinmu babu dalilin sa shi karo da kai. Akwai irin wasan da ake yi ba tare da kayarwa ba, sai dai a fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo. Ya ishi yaro.

Abu na biyu, wanda aka buga ba shi ne zai yanke hukuncin komawa fili ba. Da me zai yanke? Abin da yake tunani da shi, shi ne ya ji ciwo. Idan an tambaye shi zai ce ba kome, don kunya, don tsoron rasa wurinsa. Mai horarwa ma ba shi ba ne, domin nasara yake so. Sai wani daban, wanda ba ya cin riba ko asara da wasan.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da wasan Amurkawa, amma muna da dambe, inda ake neman kai da gangan, makaɗi yana zuga. Muna da kokowa, inda wani lokaci ƙeya take riga jiki isa ƙasa. A ƙwallon da yaranmu suke bugawa, biyu sukan yi tsalle su haɗa kai, har ma a Ingila tun 2020 aka hana koya wa yara ƴan makarantar firamare bugun ƙwallo da kai a wurin horo. Ga faɗuwa daga amalanke, daga bisa itace wurin sassabe ko kakkaɓar ganye, ga harbin jaki, ga babur. Mu ma muna yabon wanda ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba kome. Kuma idan tsohon ɗan dambe ya fara mantuwa da faɗa da iyali, mukan ce iska ce ko sammu, ba mu tuna dukan da kansa ya sha ba.

Kada wani ɗan kabu-kabu ya karanta wannan ya ce ashe hular kwano banza ce. Ko kusa. A kan kwalta, hular ita ce tsakanin mutum da fashewar kai, kuma tana ceton rai. A sa ta, a ɗaure igiyarta. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya faɗi da hula ma a lura da shi.

Idan mutum ya bugu a kai ya ji jiri, ko ya rikice, ko bai tuna abin da ya faru ba, aikin ranar ya ƙare gare shi. Ba wasa, ba tuƙi, ba hawan itace, ba shiga rijiya. Idan yana kwance bai farfaɗo ba, ko yana kukan wuya, kada a ɗaga shi a girgiza, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe kansa da wuyansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi a kan abu shimfiɗaɗɗe kamar ƙyaure.

A garzaya da shi asibiti, ko da tsakar dare ne, idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashin sa da ƙyar. Haka nan idan ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko maganarsa ta karkace, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko jini ko wani farin ruwa yana fita ta kunne ko hanci. A lura da wannan sosai: wani yakan tashi garau, ya yi magana, ya ci tuwo, bayan ƴan awoyi ya faɗi, domin jini yana taruwa a cikin kai. Ƙaho da tsaga ba su kai wa ga wannan jini. Aikin likita ne, kuma jinkiri yana kisa.

Idan babu waɗannan alamu, a bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu a inuwa, wuri marar hayaniya. Ba laifi ya yi barci, amma wani babba ya kwana kusa da shi daren farko yana duba shi. Don ciwon kai a ba shi parasetamol. Kada a ba shi aspirin, domin yana ƙara zubar jini, kada kuma a saya masa taramol wurin masu talla, domin yana rufe alamun da ake son gani. Bayan haka ya fara ƙananan ayyuka, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan ciwon kai ko jiri ya dawo, ya rage. Yawancin mutane suna warkewa cikin mako 2 zuwa 4. Dambe da kokowa da ƙwallo kuwa sai alamu sun ɓace duka, kuma ma'aikacin lafiya ya duba shi ya ce ya koma.